"Layi Uku Ne Kacal": Tarihin Wahalar Girka Manhaja

Masu cewa datarsu ba ta isa sauraron sauti, ga rubutaccen shirin wannan makon nan kamar yadda muka saba. Yau tarihi za mu taɓa, amma babu sarki babu yaƙi a cikinsa. Tarihin wani ɗan saƙo ne da ke fitowa a baƙin allon kwamfuta, yana cewa ba a ga kaza ba, kuma na san akwai masu sauraro da dama da wannan saƙon ya taɓa hana su barci.

Bari in fara da abin da ya same ni. Shekarun baya, ni da wasu abokaina muka yi niyyar zagaya mazaɓarmu mu ƙirga rijiyoyin burtsatse, wacce ke aiki da wacce ta lalace, mu ɗora su a taswira, saboda in mun je gaban masu mulki kada a ce mana surutu kawai muke. Muka sami wata manhaja ta kyauta a intanet da za ta yi mana aikin. Ni ne wai injiniyan tawagar, don ni kaɗai ke da laftof mai Linux. Na buɗe bayanin yadda ake girka ta, sai na ga layi uku: ka rubuta configure, ka rubuta make, ka rubuta make install. Mai manhajar har ya ƙara da cewa abu ne mai sauƙi.

Bayan sallar isha'i na zauna. Layin farko ya yi ta zubo rubutu kamar an buɗe famfo, can sai ya tsaya cak, ya ce bai ga wani fayil wai shi zlib.h ba. Na duba, wallahi zlib ɗin nan tana cikin kwamfutata. Tana nan, amma ya ce babu. Na shiga bin shawarar mutanen intanet, na sauke wannan, ya nemi wancan, wancan ya ce abin da nake da shi ya tsufa, na sabunta, sai wani abin da yake aiki lafiya lau ya daina. Wajen ƙarfe 2 aka ɗauke wuta. Batiri ya ɗan yi abin da zai iya, shi ma ya mutu. Na kwanta ina ce wa kaina, ashe digirin nan na banza ne.

Abin bai dame ni sosai ba sai daga baya, a wani horo da muka shirya wa matasa. Wata ƙanwarmu mai kaifin ƙwaƙwalwa, wadda ta fi kowa saurin gane lissafi a ajin, ta ci karo da irin wannan saƙon. Ta yi ta fama kusan awa guda, sai ta rufe laftof ɗin a hankali ta ce min, "Yaya, ni kaina ba na kwamfuta ba ne." A ranar na ce sai na gano daga ina wannan masifar ta samo asali.

Da farko mu fahimci wani abu. Babu mai rubuta manhaja daga tushe shi kaɗai. In kana so manhajarka ta matse fayil ya ƙanƙance, ba sai ka ƙirƙiro dabarar ba, wasu mutum biyu, Jean-loup Gailly da Mark Adler, sun riga sun rubuta zlib tun 1995, sai ka ara. Irin wannan guntun kod da ake ara shi ake kira laburare. Kamar miyar kuka ce. Mai miya tana buƙatar daddawa, amma ba ita ke yin daddawa ba. Mai daddawa tana buƙatar kalwa da itace, mai kalwa kuma yana jiran ɗorawa ta yi 'ya'ya. Ran da ɗaya daga cikinsu ya ɓace, tukunya ce za ta gaya miki. Turawa sun raɗa wa wannan matsalar suna mai nufin azabar dogaro, kuma ta girmi yawancinmu.

Mu koma 1976, ɗakin bincike na Bell Labs a jihar New Jersey ta Amurka, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara Unix a 1969. Unix ɗin nan ita ce kakar Linux a wajen tsari. A lokacin manhaja ta fara girma, ba fayil ɗaya ba ce kuma, fayiloli ne da yawa, kuma kowanne sai an miƙa shi ga wata manhajar tafinta ta juya shi zuwa harshen da inji ke ganewa. In ka gyara fayil ɗaya, dole ka tuna ka sake juya shi, da duk wanda ya dogara da shi. Mutum kuwa ɗan mantuwa ne. Wata rana Steve Johnson ya faɗo ofishin abokin aikinsa Stuart Feldman ransa a ɓace, ya kashe safiya guda yana neman kuskuren da tuni ya gyara, ashe mantawa ya yi bai sake juya fayil ɗin ba. Shi ma Feldman irin haka ta same shi a daren jiyan. Suka tattauna, a ƙarshen mako Feldman ya rubuta make. Dabararta mai sauƙi ce: ka rubuta mata wane fayil ya dogara da wane, ita kuma ta duba wanne aka taɓa kwanan nan ta sake gina abin da ya kamata kawai. A 2003 aka ba shi lambar yabo ta ƙungiyar ACM saboda wannan aikin.

Ga inda labarin yake ba ni dariya da haushi a lokaci guda. Feldman ya tsara cewa kowane layin umarni a fayil ɗin make sai ya fara da maɓallin Tab. In ka danna sarari maimakon Tab, ba za ta yi aiki ba, alhali a ido ba ka iya bambance su, duka fari ne fayau a allo. Shi da kansa ya gane ba dabara ba ce, amma kamar yadda ya ba da labari daga baya, cikin 'yan makonni ya riga ya sami masu amfani da ita kamar mutum 12, yawancinsu abokansa, bai so ya ɓata musu aiki. Saboda kunyar mutum 12, yau kusan shekara 50 ke nan ɗalibai a duk duniya suna cin karo da wannan Tab ɗin. Duk wanda ya ce miki injiniyoyi komai nasu a lissafe yake, ki ba shi wannan labarin.

A shekarun 1980 Unix ta rabu gida-gida. Jami'ar Berkeley tana da tata mai suna BSD, kamfanin AT&T yana da System V, Sun da SunOS, IBM da AIX, HP da HP-UX. Duka dangi ne, amma kowa da inda yake ajiye kayansa da sunan da yake kiransu. Manhajar da ta ginu lafiya a wannan, in ka kai ta wancan sai ta ƙi. Larry Wall, wanda daga baya ya ƙirƙiro harshen Perl, ya fitar da wata manhajar karanta labarai mai suna rn a 1984, ya haɗa ta da wani fayil da ke yi wa mutum tambayoyi game da kwamfutarsa kafin a fara gini. A 1991 David MacKenzie, yana aiki da shirin GNU na Richard Stallman, ya fara Autoconf. Ita wannan ba ta damun ka da tambaya, tana samar da fayil ɗin configure wanda zai lalube kwamfutarka da kansa: akwai tafinta? akwai laburaren kaza? a ina yake? Rubutun nan da ya yi ta zubo min a daren nan, wannan laluben ne. Fayil ɗin configure inji ne ke rubuta shi, yakan kai dubban layuka, kuma kusan babu mai zama ya karanta shi. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

To kun ga layi ukun nan daga nan suka fito, kuma a zamaninsu ci gaba ne babba. Sai dai configure ɗan aike ne mai kawo rahoto kawai. Zai ce maka babu gishiri, ya koma ya zauna. Ka je kasuwa ka dawo, sai ya ce af, babu manja ma. Ba ya sayo maka, ba ya gaya maka rumfar da ake sayarwa, kuma yawanci abu ɗaya yake faɗa a kowane zuwa.

A watan Agusta na 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar da Linux. Nan da nan mutanen da ba ƙwararru ba suka fara shigowa, kuma ba kowa ke iya gina komai da hannunsa ba. A watan Agusta na 1993 wani ɗalibin Jami'ar Purdue a Amurka, Ian Murdock, ya kafa Debian. Sunan ma haɗi ne na sunansa da na budurwarsa Debra, ga masu cewa 'yan kwamfuta ba su iya soyayya ba. Tunanin Debian shi ne a gina manhajar a ba ka ita a fakiti, kuma kowane fakiti ya zo da takardar da ke lissafa abubuwan da yake buƙata. Kamfanin Red Hat shi ma ya fito da nasa salon fakitin mai suna RPM.

An gudu ba a tsira ba. Yanzu kwamfuta ta san abin da ya ɓace, za ta ƙi girka fakitin ta lissafa maka, amma nemowa aikinka ne. Mutane suka riƙa yawo a intanet mai tafiyar hawainiya ta layin tarho suna farautar fakiti ɗaya bayan ɗaya. Wani lokacin ka sauke na farko ya ce sai da na biyu, ka sauke na biyu ya ce sai da na farko. Masu Windows ma ba su sha ba: a shekarun 1990 in ka girka sabuwar manhaja, tana iya danne wani fayil na DLL da manhajoji da yawa ke tarayya a kansa da tsohuwar siga, washegari wata manhajar da ba ruwanta ta ƙi buɗewa.

Sai a watan Maris na 1999, da Debian 2.1, APT ya shiga hannun jama'a. A ganina wannan ita ce dabara mafi kyau a duk tarihin nan. Ka ce masa ina son kaza, shi zai duba abin da kaza ke buƙata, da abin da su ma waɗannan ke buƙata, har ƙasa, ya sauko da su daga rumbu ɗaya, ya jera su bi da bi. Masu aikin sa kai ne suka yi wannan, shekara 9 kafin Apple ya buɗe App Store a 2008. Amma APT ya ɗauka kana da intanet mai kyau, abin da ba kowa ke da shi ba. Shi ya sa lokacin da Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da Ubuntu a 2004, wadda aka gina kan Debian, suka riƙa aika faifan CD kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya, har zuwa 2011 da suka daina. Wani malaminmu ya ce da irin wannan faifan ya fara. Faifan zai ba ka babbar manhajar, amma ran da ka buƙaci laburare ɗaya da ba ya ciki, sai ka nemi kafe.

Yanzu ga amsar tambayar da ta hana ni barci: ta yaya zlib tana nan amma aka ce babu? Masu haɗa fakiti sun raba kowane laburare gida biyu. Kashi ɗaya shi ne wanda manhaja ke buƙata in za ta yi aiki, wannan yakan zo tare da kwamfutar. Kashi na biyu shi ne fayilolin da tafinta ke buƙata in za a gina sabuwar manhaja a kan laburaren, irin su zlib.h, kuma wannan ba ya zuwa sai ka nema, don yawancin mutane ba gini suke yi ba. A Debian da Ubuntu sunan wannan kashin zlib1g-dev. A Fedora da danginta an san shi da zlib-devel. Na OpenSSL kuwa a can libssl-dev, a nan openssl-devel. Saƙon kuskuren yana ambaton sunan fayil, rumbun kuma da sunan fakiti yake aiki, kuma babu wanda ya gaya wa sabon shiga yadda zai haɗa biyun.

Me ya sa mai manhajar bai rubuta wannan ba? Ba mugunta ba ce. Shi ya girka zlib1g-dev a kwamfutarsa shekaru da suka wuce saboda wani aikin daban, ya manta ma tana nan. Da ya gwada layi ukun a wajensa, sun yi aiki. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Bayanin girkawa da yawa irin kwatancen mutumin ƙauye ne ga baƙo: ka miƙe, in ka kai wajen tsamiyar nan sai ka yi dama. Tsamiyar kuwa an sare ta shekara 10 da suka wuce, amma shi har gobe yana ganin ta a wurin.

Akwai kuma wahalar da ba ta mantuwa ba ce, ta lissafi ce. A ce manhajarka tana buƙatar laburare biyu, na farko ya ce sai da tsohuwar sigar wani laburare na uku, na biyu ya ce shi sai da sabuwar sigar wannan na ukun. Wa za ka bi? Masu bincike a Turai sun nuna a tsakiyar shekarun 2000 cewa zaɓo sigogin da za su zauna lafiya da juna yana cikin rukunin matsalolin lissafi masu wuyar gaske, waɗanda har yau ba a san wata hanya mai sauri ta warware kowane irinsu ba. Wato abin da ya sa ƙanwar nan tamu ta rufe laftof, masu digirin digirgir ma takardu suke rubutawa a kansa.

Daga nan kowane harshen kwamfuta ya buɗe rumbunsa. Perl ta buɗe CPAN a 1995, Python ta sami PyPI a 2003 da pip a 2008, JavaScript ta sami npm a 2010. Python ta ƙara wa wutar fetur: siga ta 3 ta fito a Disamba 2008 ba ta jituwa da ta 2, kuma ba a yi ritayar ta 2 ba sai 1 ga Janairu 2020. Shekara 11 ana tafiya da biyu. Bayanin da ka samu a intanet zai ce ka rubuta python, bai ce wacce ba, kuma ba shi da kwanan wata.

Amma npm ce ta kai abin ƙarshe. Ara ya yi sauƙi har mutane suka daina rubuta ko ƙaramin abu da kansu. Ka girka fakiti ɗaya, ya jawo ɗaruruwa a bayansa, ba ka san sunan ko kashi ɗaya cikin goma ba.

Ga abin da ya faru a watan Maris na 2016. Wani mai rubuta manhaja ɗan asalin Turkiyya da ke zaune a Kalifoniya, Azer Koçulu, yana da wani fakiti a npm mai suna kik. Akwai kuma wani kamfanin Kanada mai manhajar aika saƙo, shi ma Kik. Kamfanin ya nemi ya sakar musu sunan, ya ƙi, aka yi musayar imel har da ambaton lauyoyi. Masu npm suka duba suka miƙa wa kamfanin sunan. Ran Azer ya ɓaci, ranar 22 ga Maris ya janye duk fakitocinsa 273 daga rumbun. A cikinsu akwai wani mai suna left-pad. Layi 11 ne. Aikinsa kawai ya cike gurbi a gefen hagu na rubutu, misali ya mai da 7 ta zama 007. Ɗan aji ɗaya a jami'a zai rubuta shi kafin shayi ya huce.

Ashe a watan da ya gabata kaɗai an sauke shi kusan sau miliyan 2 da rabi. Babel, wadda dubban ayyuka ke amfani da ita, ta dogara da wani ƙaramin fakiti mai suna line-numbers, shi kuma ya dogara da left-pad. Nan take gini ya fara rushewa a ko'ina, har da na masu amfani da React ta Facebook, kuma yawancin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa jin sunan left-pad ba sai ranar. Cikin kamar minti 10 wani ya sa madadinsa a rumbun da lambar siga 1.0.0, amma bai wadatar ba, saboda line-numbers ya ce shi lallai sai siga 0.0.3. Dole masu npm suka yi abin da ba su taɓa yi ba, suka dawo da fakitin da mai shi ya goge da hannunsa. Rikicin ya ɗauki kamar awa 2 da rabi. Bayan haka suka canza doka, ba ka da ikon janye fakiti haka kawai in ya kwana biyu kuma wasu sun dogara da shi.

Mutane da yawa sun zagi Azer. Ni dai ban iya zaginsa ba. Ya yi aiki kyauta, manyan kamfanoni sun hau kai sun ci riba, ran da aka sami saɓani aka nuna masa cewa mai lauya ya fi shi. Na yarda hanyar da ya bi ta cutar da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Amma tambayata ga kamfanonin ita ce, wa ya ce ku jingina katangarku da karan da ba ku san mai shi ba?

A 2013 Docker ya zo da wata mafita: tunda kowa cewa yake a kwamfutata yana aiki, to a naɗe manhajar da duk laburarenta da yanayin da take zaune a ciki a akwati ɗaya, a miƙa maka. Yana aiki, ba ƙarya. Sai dai akwatin yakan kai ɗaruruwan megabait, wani ya haura gigabait. Ga wanda ke Kalifoniya ba komai ba ne. Ga wanda ke jiran sha biyun dare don datar dare ta fi araha, magana ce.

Yanzu mu dawo kan fayilolin nan da na ce babu mai karantawa. Akwai wata manhajar matse fayil mai suna xz, da laburarenta liblzma, wadda take cikin kusan kowace kwamfutar Linux. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya shafe shekaru yana kula da ita ba albashi. A 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara bayyana, yana kawo gyare-gyare masu kyau, yana da haƙuri da ladabi. Sai wasu asusu suka fara matsa wa Collin lamba a 2022, suna cewa aikin ya tsaya, ya kamata ya ba wani dama. Collin, wanda ya fito fili ya ce aikin sa kai ne kuma ƙarfinsa ya ragu, ya fara sakar wa Jia Tan ragama. Da ɗan gari akan ci gari, shi kuwa wannan sai da ya yi shekara biyu yana zama ɗan gari.

A sigogi 5.6.0 da 5.6.1 da suka fito a Fabrairu da Maris na 2024, Jia Tan ya dasa ɓarauniyar hanya. Ya ɓoye gubar a cikin wasu fayilolin gwaji, makunnin kuma ya sa shi a cikin tarkacen fayilolin da ke samar da configure. Wato lokacin da ake gina xz, a tsakiyar rubutun nan da ke zubowa wanda kowa ke kau da kai, a nan ake ɗinka ta. Abin da ake hari shi ne SSH, ƙofar da masu kula da manyan kwamfutocin duniya ke shiga ta cikinta daga nesa. SSH ba ta buƙatar xz kai tsaye. Amma a wasu nau'o'in Linux an haɗa ta da wani laburare na systemd, shi kuma yana jawo liblzma. Daddawa, kalwa, ɗorawa.

Wanda ya gano, Andres Freund, Bajamushe ne injiniya a Microsoft da ke aiki kan PostgreSQL, ba ma tsaro yake bincike ba. Yana gwaje-gwaje a sigar Debian ta gwaji, ya lura SSH tana cin ƙarfin inji fiye da kima, kuma shiga yana ƙara jinkirin kamar rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙa, jama'a. Ni da na saba jiran shafi ya buɗe har in je in sha ruwa in dawo, da ko a jikina. Shi ya bi diddigi, ranar 29 ga Maris 2024 ya sanar da duniya, kafin gubar ta shiga manyan sigogin da kamfanoni da gwamnatoci ke amfani da su. Har yau ba a bayyana ko wane ne Jia Tan ba.

To ni kuma yaya na ƙare da taswirar burtsatse? Kwana biyu bayan daren nan wani yayanmu da ya daɗe a harkar ya kalli allon, bai yi minti ɗaya ba ya ce, "Ƙanina, dev ɗin za ka saka." Layi ɗaya ne: sudo apt install build-essential zlib1g-dev. Sauran ɓarnar da na yi wa kwamfutar da hannuna ita ta ci mana yini guda. Da muka gama, na rubuta wa mai manhajar na ce ga layin da ya kamata a ƙara a bayanin girkawa, ga sunan fakitin a Ubuntu, ga shi a Fedora. Bayan 'yan makonni ya karɓa, ya yi godiya, ya ce shi bai taɓa lura ba.

Ƙanwar nan tamu kuwa ta dawo a zama na gaba, bayan na aika mata hoton allona na daren nan. Yanzu in za mu yi horo, muna ɗauko laftof da aka goge tas, mu bi bayanin girkawa layi bayan layi, duk inda ya maƙale mu rubuta da Hausa abin da ya ɓace da sunan fakitinsa, sannan mu sauke fakitocin mu zuba a filasha tun kafin ranar. Ita ce ke riƙe da wannan takardar, ta kai shafi 9.

Wanda ke da saƙon kuskuren da ya gagare shi, ya ɗauki hotonsa gaba ɗaya, ba layin ƙarshe kawai ba, ya ajiye mana a ƙasa tare da sunan Linux ɗin da yake amfani da ita. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.